Ranar da aka yi wa Kaka salla

Da aka ce kowa ya kawo rubutunsa don wannan ɗan littafi namu, na fara da tsadar haya a Yamai, tunda ita ce kukan kowa. Na cika shafi biyu na kaye, na yage. Akwai wata magana da nake ɗauke da ita shekara huɗu ke nan, ban taɓa faɗa wa kowa ita daga farko har ƙarshe ba, ko a fada wajen shayi. Ita zan rubuta. Wanda ya ga na yi kuskure ya same ni mu zauna, ba na gudun gyara.

Ni ɗan Gesheme ne, cikin Dallol Mawri, ƙasar Arewa. Wanda bai san wajenmu ba sai in ce masa, a ƙasarmu Lugu take, inda Sarauniya Mangu ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, kuma a can dutsen Tunguma yake, wanda kakanninmu ke kai wa ƙara ya raba gardama. Sakkwato ba ta da nisa da mu, amma Musulunci bai game gidajenmu ba sai a zamanin kakanni da iyayenmu. Shi ya sa a Arewa za ka shiga gida ɗaya ka tarar da tsohuwa ƴar bori, ɗanta ɗan Izala, ƙanensa ɗan ɗarika, wani ɗan'uwan kuma yana zuwa coci ran Lahadi, don a Gesheme akwai Kirista tun zuwan ƴan mishan. Kuma tukunya ɗaya ake tuƙa musu tuwo. Gidanmu kusan haka yake.

Kaka, uwar Babana, godiyar Doguwa ce, wato Doguwa ke hawanta in ana wasa, tun kafin a haifi Baba. A bayan ɗakinta akwai wani ɗan ɗaki na laka wanda tsawonsa bai kai ƙugu ba, nan take zuba nono da fura. Mata suna kawo mata yara marasa lafiya ta ba su sassaƙe da hayaƙi. Amma kuma tana azumin watan Ramalana, ba ta kai loma baki sai ta yi bisimilla, duk ƴaƴanta malamai suka raɗa musu suna, ran Juma'a almajirai sun san ƙofarta. Salla kuwa, wani lokaci ta yi, wani lokaci sai a yi watanni ba ka gan ta da buta ba. Na taɓa tambayarta ina yaro, na ce, “Kaka, ke Musulma ce?” Ta yi dariya ta ce, “Angona, Allah guda na. Waɗanga ko bayinai na, kamar ni da kai. Maƙwabta na, kuma ba a rabuwa da maƙwabci da hwaɗa.”

Baba ya yi fatauci tsakanin Kamba da Birnin Kebbi. Can ya ji wa'azin Izala, ƙungiyar da Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ya dawo gida mutum daban. Bai taɓa ɗaga wa Kaka murya ba. Kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ta, hatsin da take ci daga rumbunsa yake fitowa. Amma ya ja danga tsakanin sashenmu da nata, ya hana mu cin naman duk abin da aka yanka a can.

Ni kuwa Baba ya damƙa ni ga wani malami a unguwarmu, ba zan faɗi sunansa ba. Ina so ku san shi kafin ku yanke masa hukunci. Shi ya gyara mini Fatiha, shi ya karantar da ni Arba'una Hadisi da Kitabut Tauhid. Ba ya rubutun sha, ba ya ɗinka laya, ba ya karɓar ko dala a hannun ɗalibi, gonarsa yake nomawa da kansa. Da aka tura ni lise a Dogon Dutsi, wasu suka ce wa Baba lakwal za ta ɓata ni. Malam ne ya ce a bar ni in tafi, ya zaro jika biyu daga aljihunsa ya ba ni kuɗin mota. In na zo hutu, ni ke ja masa baƙi a karatun bayan magariba. A lokacin, in Malam ya ce abu kaza haramun ne, ba na neman ƙarin bayani.

Cikin babban hutu ne, watan Agusta, hatsi ya yi ciki, Kaka ta kwanta. An kai ta likita, aka ba ta magani, aka ce a koma gida da ita. Mata sun gaji da gona da daka, ita kuma ni take so kusa da ita, sai na koma kwana a ɗakinta. Daren ƙarshe numfashinta ya canza. Na zauna wajen kanta ina laƙanta mata kalmar shahada kamar yadda Malam ya koya mana, a hankali, ba tare da matsawa ba. Leɓenta yana motsi. Na kanga kunne. Sau biyu na ji “Allah” sarai. Sauran kuwa, ko kalmar take biyawa, ko kirarin Doguwa take yi, wallahi ban iya rabewa ba.

Can cikin dare barci ya sace ni ina zaune. Na gan ta a bakin rijiyar lambunmu cikin fadama, da farin zane, tana alwala daki-daki, har da shafar kai da kunnuwa, abin da ban taɓa ganin ta yi daidai ba. Ta juyo tana dariya ta ce, “Angona, ka makara.” Na farka da kiran assalatu. Na taɓa hannunta, ya yi sanyi.

Ga abin da ke da wuyar bayani. Ban ji tsoro ba, ban ma yi kuka nan take ba. Wata natsuwa ce ta sauko mini wadda ban taɓa jin irinta ba, har yau kuma ban sake ji ba. Zuciyata ba ta da ko ɗigon shakka cewa tsohuwar nan ta tafi wajen Mai rahama da alheri. Ba tunani na yi na kai ga haka ba. Na farka ne na tarar da shi a ƙirjina.

Da gari ya waye Baba ya aike ni in gaya wa Malam. Ina fita, Goggo ta tare ni a zaure, ta riƙe mini hannu ta ce ƙasa-ƙasa, “In ya tambaye ka, ka ce ka ji ta yi kalma. Kai kaɗai ag gun. Kada ka bari a rufe uwarmu kamar dabba.” Duk hanya maganar nan tana bina. Gaskiyarta, ni kaɗai ne a wurin. Ba mai ƙaryata ni. Kuma zuciyata tana ce mini ai ba ƙarya ba ce sosai, tunda ka san inda ta tafi, kalma biyu ce kawai za ka ƙara.

Malam ya yi mini ta'aziyya, ya yi shiru, sannan ya ce, “Ɗana, mi kaj ji da kunnenka?”

Na ce, “Allah shi gafarta Malam, na ji ta ambaci Allah sau biyu. Sauran ban rabe ba. Amma na yi mafarki.” Na kwashe duka na gaya masa.

Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya ce mafarkin kirki bushara ce, ya zo a hadisi cewa yanki ɗaya ne cikin yanki 46 na annabci, shi ba ya raina shi. Amma ba a gina hukunci a kan mafarki. Da za a yi haka, gobe wani zai zo ya ce ya yi mafarkin gonar maƙwabcinsa tasa ce. Ya ce, “Kai ba Halliru ba na, da za a ce an ba ka ilimin da ba a ba sauran mutane ba. Mu da zahiri muka aiki.” Zahirin kuwa, in ji shi, ɗakin Doguwa yana nan tsaye bayan ɗakinta, ba ta taɓa cewa ta bari ba, kuma Alƙur'ani ya hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara. “Ba ni cewa wuta za ta, wannan na Allah na. A yi mata sutura, a rufe ta da mutunci. Amma ni ba ni tsayawa gabanta.”

Da na koma da wannan amsa, gida ya rikice. Baba ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Baba ƙarami, wanda ɗan Tijjaniyya ne, ya saka takalmi ya tafi ya ɗauko tsohon limamin unguwa, wani dattijo da ido ya fara yi wa rauni. Ni kuwa na yi murna, na ce ga wanda zai fahimci mafarkina. Ina fara ba shi labari ya ɗaga hannu ya ce, “Aje mahwalkinka, jikana, naka na.” Sai ya shiga tambayar manya: Ta taɓa cewa ita ba Musulma ba ce? A'a. Tana azumi? Tana yi. An taɓa ganin goshinta a ƙasa? An gani. Ya ce to zahirinta gauraye ne, kamar na mutane da yawa a garin nan, kuma wanda ya ce Allah ɗaya ne, ya yi azumi, ya kalli gabas, ana lissafa shi cikin Musulmi da laifinsa duka. Ya tuna musu labarin Usama ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani mutum a wajen yaƙi bayan mutumin ya yi kalmar shahada, yana ganin tsoro ne ya sa shi, Annabi (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani don ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar mutumin. Ya ce shi gara ya yi kuskuren sallatar wanda bai cancanta ba, da ya yi kuskuren jefar da Musulma.

Ku lura da wannan, don ni sai daga baya na lura. Malaman nan biyu duka sun ajiye mafarkina gefe. Duka sun ce da zahiri ake aiki. Duka suna da aya ko hadisi. Amma ɗaya ya ce kada a yi, ɗaya ya ce a yi.

Da hantsi aka fito da makara, aka ajiye ta a fili gab da maƙabarta. Mutane suka ja sahu uku bayan Liman. Baba da abokan karatunsa suka koma gindin wani gawo suka tsaya. Ni na tsaya a tsakiya, ƙafafuna suna rawa. In na shiga sahu, na saɓa wa Malam a gaban ɗalibansa, na kuma nuna wa duniya cewa ubana ya yi kuskure a ranar mutuwar uwarsa. In na koma gindin gawo, na ƙaryata abin da na san na ji a ƙirjina. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne hadisi na 27 cikin Arba'una, wanda Malam da kansa ya karantar da ni, inda Annabi ya umurci sahabi Wabisa ya nemi fatawar zuciyarsa ko da mutane sun ba shi fatawa. Malamai sun riga sun yi magana, sun rabu biyu. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Na cire takalmi na shiga sahu na uku. Liman ya yi kabbara huɗu, aka sallame.

Da aka zo saka ta a kushewa, Baba ya baro gindin gawo, ya shiga ramin da kansa ya karɓe ta. Idonsa ja wur. Har yau bai taɓa yi mini maganar ranar nan ba, ni ma ban yi masa ba.

Malam bai kore ni ba, yana amsa gaisuwata. Amma daren da na koma karatu na tarar wani yaro ke jan baƙi. Abokaina biyu suka daina zama da ni, ɗaya ya kira ni ɗan bidi'a a gaban mutane. Ni ma sai na yi nawa laifin, kuma dole in faɗe shi. Girman kai ya shige ni. Na ce tunda zuciyata ta fi malamai gani, me zan je nema wajensu? Na bar zuwa karatu ko'ina. Shekara guda cur, duk abin da raina ya kwanta da shi sai in ce zuciyata ce ta ba ni fatawa. Abin mamaki, zuciyar nan ba ta taɓa ba ni fatawar in tashi sallar asuba cikin sanyi ba. Kullum abin da ya fi sauƙi take zaɓa mini. A nan na fara zargin cewa akwai murya biyu a ƙirjin mutum, kuma suna kama da juna ƙwarai.

Wanda ya taimake ni na warware zaren, ba Musulmi ba ne ma. Da na ci bak na zo Jami'ar Abdu Mumuni, aka haɗa ni ɗaki da wani ɗan Kwatano, ƙasar Benin, mai karatun aikin gona. Duk lokacin da aka miƙa masa shayi a fada sai ya ce ya gode. Mu kuwa kun san mu, wanda ya ƙi shayi sai an ji dalili. Ya ce addininsu ya hana su shayi da kofi da taba da giya. Ɗan cocin da ake kira Mormon ne, masu hedkwata a birnin Salt Lake na Amurka. Ni Musulmi ne, na yi imani wahayi ya rufe daga Annabi Muhammadu (SAW), na gaya masa haka tun ranar farko, shi ma bai ɓoye mini nasa ba. Amma wani dare da wuta ta ɗauke na ba shi labarin Kaka, sai ya ce, “Wannan ai ita ce tsohuwar matsalar cocinmu.”

Ga yadda ya bayyana mini, na kuma bincika daga baya na tarar haka ne. Cocinsu ya faro daga wani saurayi, Joseph Smith, wanda ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga daji ya yi addu'a don malaman coci sun rikita shi da saɓaninsu, ya ga wahayi. Ya kafa cocin a 1830. Don haka suke koya wa kowane mabiyi kada ya tsaya ga abin da aka gaya masa, ya roƙi Allah da kansa ya ji tabbaci a zuciyarsa. To amma in kowa yana samun nasa saƙon, wa zai bi wa? Ba a yi wata shida da kafa cocin ba matsalar ta taso. Wani daga mabiyan farko, Hiram Page, ya ce shi ma yana samun saƙo game da cocin ta hanyar wani dutse, har wasu manya suka gaskata shi. Da na ji dutse sai na tuna Tunguma, na yi dariya. A watan Satumba na 1830 Smith ya ce an saukar masa cewa shi kaɗai aka naɗa ya karɓi umurnin da ya shafi coci duka, Page kuma ya bar dutsensa. Daga nan suka tsayar da ƙa'ida: kowa yana iya samun shiriya daga Allah, amma a kan abin da aka ba shi amana kaɗai. Mutum a kan rayuwarsa, iyaye a kan gidansu, shugaban reshe a kan reshensa, shugaban coci a kan coci. Abin da aka nuna maka bai zama doka a kan maƙwabcinka ba.

Na ce masa wannan ƙa'ida ta yi wa shugabanni daɗi, tunda kullum su ke da maganar ƙarshe. In su suka yi kuskure fa? Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin da na ga yana masa nauyi. Tun 1852, zamanin shugabansu Brigham Young, cocin ya hana baƙar fata muƙamin limanci da shiga ibadun haikalinsu. Haka aka zauna shekara 126. A cikin wannan lokaci wani malamin makaranta Ibo a Najeriya, Anthony Obinna, ya yi mafarki a 1965 an nuna masa wani kyakkyawan gini. Lokacin yaƙin Biyafara ya buɗe wata tsohuwar mujallar Reader's Digest ya ga hoton ginin, ashe haikalin Salt Lake ne. Ya rubuta musu wasiƙa, suka aiko masa da littattafai amma ba su aiko kowa ba. Ya tara mutanensa suna ibada, yana ta rubutu yana roƙo. Sai a watan Yuni na 1978 shugabansu Spencer Kimball ya sanar an ɗage hanin. A watan Nuwamba na shekarar aka yi wa Obinna baftisma, aka naɗa shi shugaban reshen garinsu. Shekara 13 tsakanin mafarkin da wannan rana. A 2013 cocin ya fitar da bayani yana nesanta kansa daga dalilan wariyar da aka riƙa bayarwa a da.

Na tambaye shi, to waɗanda suka mutu suna jira fa? Ya ce ba shi da amsa, abin yana damunsa, kuma bai bar cocin ba. Ban ga ya yi ƙoƙarin ɓoye ko ɗaya daga cikin ukun ba. Wannan ya burge ni fiye da duk wata hujja.

Hirar nan ta mai da ni ga namu littattafan, na ga ashe muna da ƙa'idar tun tuni, ni ne ban kula ba. Kiran sallar da muke ji sau biyar kullum, a mafarki sahabi Abdullahi ɗan Zaidu ya ji lafuzzansa. Bai hau soro ya fara kira ba. Ya je ya gaya wa Annabi, Annabi ya tabbatar, ya ce a koya wa Bilal don ya fi shi murya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin cewa a 1794, yana da shekara 40, ya ga Shaihu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Amma kafin nan ya yi shekaru yana durƙushe gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma da ya zo kafa hujjar hijirar da ya yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, aya da hadisi da maganganun malaman fiƙihu ya jera a littattafansa. Abin da ya gani ya ƙarfafa masa zuciya, mutane kuwa ya ba su abin da za su iya dubawa da idonsu. A ɗaya gefen ga Muhammadu Marwa, Maitatsine, wanda ya raina duk malaman Kano, ya mai da fahimtarsa doka a kan mabiyansa. A watan Disamba na 1980 mutum fiye da 4,000 suka mutu a rikicinsa.

To ina na tsaya yanzu? Malam yana da gaskiya da ya ƙi gina hukunci a kan mafarkina. Da ni ne a mazauninsa, yaro ɗan lise ya zo mini da mafarki, ni ma ba zan canza fatawa ba. Liman yana da gaskiya da ya ce in ajiye shi nawa ne. Mafarkin bai ba ni ikon tilasta wa Baba shiga sahu ba, bai ba ni ikon raina waɗanda suka tsaya gindin gawo ba, bai kuma ba ni ikon ƙara kalma biyu a kan abin da kunnena ya ji ba. Da na bi Goggo, da na sa Malam ya yi ibada a kan ƙarya, ina fakewa da cewa zuciyata ta sani. Iyakar ikon da mafarkin ya ba ni a kan ƙafafuna biyu ne: ina zan tsaya, bayan masu ilimi sun yi magana sun saɓa. A wannan ɗan fili kam ba na jin wani malami zai iya tsaya mini, don ranar hisabi ni za a tambaya.

Na kuma samo wa kaina ma'auni, ko zai amfani wani. In abin da nake ji a zuciya ya saɓa wa abin da malamai duka suka haɗu a kai, ina tuhumar zuciyar. In ya zo daidai da abin da raina ke kwaɗayi, ina ƙara tuhumarta. In kuma ina jin kunyar in faɗe shi a gaban mai ilimi, to akwai lauje cikin naɗi. Shiga sahun Kaka ya tsallake ukun nan: akwai malamin da ya halatta, ba sauƙi ya jawo mini ba sai asara, kuma a gaban kowa na yi. Barcin asuba kuwa bai tsallake ko ɗaya ba.

Abin da ban warware ba shi ne na Obinna. Akwai lokacin da masu iko a addini suke haɗuwa a kan kuskure, ƙaramin mutum yana gani, ba ya da yadda zai yi sai ya yi ta faɗa yana jira. Mu matasa da muke karatu, wasunmu gobe su ne malamai da limamai. Roƙona, in yaro ya zo muku da abin da ya gani, ku saurare shi har ƙarshe ko da ba za ku bi ba. Malam ya yi mini wannan, kuma shi ya sa ban iya ƙinsa ba.

Hutun da ya wuce na je Gesheme. Ɗakin Doguwa ruwa ya cinye shi, Baba bai rushe ba, bai kuma gyara ba. Bayan magariba na je na gaida Malam. Da mutane suka ragu na ce, “Allah shi gafarta Malam, da a ce ran nan na ce na ji ta yi kalma fa?” Ya ce, “Da na sallace ta, alhakin yana wuyanka. Na san an so ka hwaɗi haka, na gani ga idonka.” Ya ɗan yi shiru ya ce, “Har yanzu ina ganin ka yi kuskure da ka shiga sahu.” Na ce, “Har yanzu ina yi mata addu'a, Malam.” Ya ce, “Allah shi nuna muna gaskiya, ni da kai.” Na ce amin.

Yaron nan ya buɗe littafi ya fara jan baƙi. Na matsa baya na sami gefen tabarma na zauna, aka ci gaba da karatu.